Neman Haske a Fuskokin Tsofaffin Masuntan Argungu

Asabar, 8 ga Nuwamba, 2025

Yau na fara, da sunan Allah. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da shagon hoto a nan Argungu. Aikina fasfo ne da hoton biki da na walimar sauka. Mutum ya shigo, in zaunar da shi gaban farin labule, in danna, filasha ta haska, ya biya ya tafi. Ban taɓa tambayar kaina daga ina hasken ya zo ba, tunda kullum yana manne a saman kyamara.

Hoton kakana ne ya tayar da ni. Shi kaɗai muke da shi a gidanmu kaf. Masunci ne, ya haura shekara hamsin yana shiga ruwa da homa da gora. An ɗauki hoton da rana tsaka, yana sanye da farar riga da malfa, bayansa farin bango. Rigar ta fito tas, har aikin wuyanta ana gani. Malfar ma ta fito. Fuskar ce babu, wani baƙin dunƙule ne kawai tsakanin malfa da riga. In 'ya'yana suka tambaye ni kamanninsa na nuna musu, sai su ce su ba su ga kowa ba. Mahaifiyata takan ce ai haka hoto yake yi wa baƙin mutum, ni ma na daɗe a kan haka. Yanzu na san wurin da aka tsayar da shi da lokacin da aka ɗauka ne suka cinye masa fuska.

Na ƙudurta zan ɗauki tsofaffin masunta ashirin da huɗu, har da mata masu bandar kifi, kowa in wanke masa babba guda in kai masa har gida kyauta. Sharaɗi ɗaya na ɗora wa kaina: babu filasha. Kayan aikina kyamara ce da ido guda, wato gilashin gabanta, mai milimita 50, da ƙafa-uku na ɗora ta, da farin zane da na aro wurin maiɗakina, da kwalin da na manna wa takardar azurfa. Ƙanena zai riƙa riƙe min kaya, ƙanwata kuma ita za ta shigar da ni wurin mata. Sunayen dattawan suna cikin littafina, a nan ba zan rubuta su ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na makara. Masu fasfo sun riƙe ni a shago har sha ɗaya da rabi. Ban nufi Matan Fada ba, kogin da ake bikin kamun kifi, don can ba a taɓa kifinta sai ranar biki, Sarkin Ruwa yana tsare da ita. Na gangara inda masunta ke ɗaure jiragensu. Na fara da wanda ya fi kowa tsufa a jerin, abokin kakana ne, tare suka yi ƙuruciya. Da na durƙusa na gaishe shi na faɗi gidanmu, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ya ce, "Ashe kai ne jikan nashi. To mi kaka so, in tsaya ko in zamna?"

Na ce, "Baba, ku ɗan tsaya cikin jirgin, ku riƙe homar."

Sau tara na ɗauka. Da na koma inuwa na duba, gabana ya faɗi. Hoton kakana ne sak na sake yi da hannuna: riga fes, malfa fes, ruwa yana ƙyalli, fuska babu.

Na kwana ina juya abin. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san mutum ba, bai san ruwa ba. An gina shi a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, zai zama ruwan toka tsaka-tsaki, irin wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Ni kuwa na sa mata ruwa mai walƙiya, da farar riga, da sama fari fat. Sai ta ga haske ya yi yawa, ta tsuke ido don ta mayar da farin toka. In fari ya koma toka, ina fuskar da ke ƙarƙashin malfa za ta je? Masu hoto da mataki suke ƙirga haske, kowane mataki ninki biyu ne in an hau, rabi in an sauka. Tsakanin rigar Baba da ke cikin rana da fuskarsa da ke inuwar malfa na ga tazarar kusan mataki shida, wato ninki sittin da wani abu. Idon mutum yana gyara wannan da kansa yayin da yake yawo daga riga zuwa fuska. Kyamara sau ɗaya take ƙiftawa, dole ta zaɓi ɗaya.

Na ce masa zan dawo da sassafe wata rana. Ya ce, "Allah shi kai mu."

Asabar, 15 ga Nuwamba

Daga masallacin asuba na hau babur. Rana ta leƙo wajen ƙarfe 6:40, ja kamar garwashi, ta kwanto a kan ruwa daga gefe. A wannan lokacin malfa ba ta da abin da za ta tare, hasken ta ƙarƙashinta yake shiga. Na ɗauki mutum uku, dukansu fuska ta fito, fata ta yi ruwan zuma.

Amma lokacin gajere ne ƙwarai. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa guda, mu kuma muna kusan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka kusan a miƙe take hawa mana. A ƙasashen Turai a karkace take hawa, shi ya sa masu hotonsu ke maganar awa guda cur ta lallausan haske. Ni da agogo na duba: bayan minti talatin da biyar jan ya fara gudu, kafin bakwai da rabi inuwar hanci ta yi kaifi. Bahaushe dama ya riga ya yanka yini gunduwa-gunduwa, asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. Yau na gane cewa kowanne a cikinsu da irin haskensa. Nawa daga fitowar rana ne zuwa farkon hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru.

Wanda ya fi burge ni shi ne na mai birgi. Na zagaya na sa ranar a bayansa, na ɗaga saurin ƙiftawa zuwa ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Da ya wurga, birgin ya buɗe kamar laima, kowane ɗigon ruwa ya kama wuta. Ƙanena ya tara kwalin azurfa daga gaba don fuskar kada ta nutse. Dattijon ya runtse ido ya ce abin yana kashe masa gani. Na ajiye kwalin, zanen ya fi shi tausayi.

Abokin kakana bai fito ba. Jikansa ya ce sanyin gwiwa ba ya barinsa sai hantsi ya yi.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Yau na sami abin da nake nema, kuma a inda ban zata ba, da tsakar rana.

Bayan an sauko daga Juma'a na raka wani dattijo gida a tsohon gari, ba nisa da Gidan Nabame, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihin Kanta a 1958. Gaisuwa kawai na je yi, don a tunanina lokacin hoto ya wuce. Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna kusa da ƙofa. Ina ɗaga kai sai na ga fuskarsa kamar an sassaƙa. Rabin da ke kallon ƙofa yana sheƙi a hankali, ɗaya rabin yana narkewa cikin duhun zauren, tsagen Kabancinsa kuwa kowanne ya fito daban, tun daga kunci har kusa da baki.

Ƙofar zauren arewa take kallo. A watannin nan rana ta kudu take bi, ko da tsakar rana ba ta wuce kimanin digiri 56 a sama, don haka ba ta taɓa shigowa ta wannan ƙofar. Abin da ke shigowa hasken sama ne da wanda ya daki ƙasar waje da katangar maƙwabta ya dawo. Ƙofar gaba ɗayanta ta zama fitila mai faɗi. Taushin haske daga faɗin mafitarsa yake, gwargwadon yadda fuska ke ganinta. Rana duk girmanta, daga nan da kan babban yatsa ake rufe ta, shi ya sa inuwarta ke yanka kamar wuƙa. Ƙofar zaure kuwa, ga wanda ke zaune taku ɗaya daga gare ta, ta cika masa rabin duniya.

Tsagen su suka fi tsaya min a rai. Na ɗauki fasfo na masu tsage ba adadi, amma filasha daga gaba take dukan fuska, ta cike kowane rami da haske, tsage ya ɓace. Hasken gefe shi ke barin 'yar inuwa a cikin kowane layi. Yara na yanzu ba a yi musu, in waɗannan dattawan suka tafi sai a hoto za a gani. Ashe shekara goma sha ɗaya ina share su ban sani ba.

Na ce, "Baba, don Allah kada ku motsa daga nan."

Ya ce, "Cikin duhun ga? Hoto ba rana shika so ba?"

Na ce masa ya yi haƙuri ya gani. Na sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 800, na buɗe idon sosai zuwa f/2.8, ƙiftawa ɗaya bisa 125 na daƙiƙa. A wannan karon ban bar kyamara ta auna duk zauren ba, kuncinsa kaɗai na sa ta auna, sannan na rage mataki guda don fatar ta zauna a launinta. Na gwada matsar da shi ciki taku biyu, hasken ya faɗi warwas. In fitila ƙarama ce, ka ninka nisa sau biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, ƙofa ma ba ta yi nisa da haka ba. Na mayar da shi wurinsa. Ƙanena ya baza farin zanen a gefen duhu, sai kunnen da ya ɓata ya dawo, inuwar ba ta mutu ba. Sanyi ya sa fatar ta yi furu-furu, na roƙa aka kawo man kaɗe ya ɗan murza. Baƙar fata da sheƙi take nuna tudu da kwarinta, in ta bushe sai ta zama shafe. Da ya juyo kaɗan, ƙofar ta fito 'yar mitsitsiya a cikin ƙwayar idonsa, nan na danna.

Na nuna masa a bayan kyamara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ai babana ne."

Na tuna Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948. Mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana da ƙyalle a rataye a baya, yau ga su a manyan gidajen adana hotuna na duniya. Baƙaƙen mutane ya ɗauka, fuskokinsu kuma sun fito tsaf. Daga yau duk gidan da zan shiga, fara tambayata ita ce ina ƙofar zaurensu take kallo.

Talata, 9 ga Disamba

Mutum tara ke nan na ɗauka, biyar a cikinsu a zaure. Ƙura ta shiga cikin kyamara, ɗigo uku suna fitowa a sama a kowane hoto. Na hure da ɗan famfon roba, biyu sun tafi. Na daina cire idon a waje, in ba aiki nake ba tana naɗe cikin leda a jaka.

Asabar, 13 ga Disamba

Hazo ya sauko tun ranar Alhamis. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙurar daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Rana ta zama farin faifai a rataye. Tsallaken ruwa ya ɓace, jirage suna yawo kamar a cikin koko.

Sama gaba ɗaya ta zama fitila guda, inuwa ta kusa ƙarewa. Yau da ƙarfe sha ɗaya na ɗauki mutum a fili, lokacin da ya kunyata ni a watan jiya, fuska ta fito ko da malfa. Na yi murna da farko. Da na duba da kyau sai na ga fuskokin sun baje, babu tudu babu kwari, tsage ya sake gudu, saboda hasken ta ko'ina yake zuwa. Launuka ma sun koɗe, shuɗiyar riga ta koma toka.

Dabarar da ta fisshe ni kishiyar ta zaure ce. A can haske nake ƙarawa da farin zane, a nan kwashe shi na yi. Wani yaro yana lulluɓe da baƙin bargo a bakin ruwa, na ara, ƙanena ya riƙe shi dab da kuncin dattijon na hagu. Bargon ya tare hasken wannan gefen, inuwa ta dawo, fuska ta tashi. Mutum huɗu na ɗauka a haka. Sha uku.

Na biya gidan abokin kakana. Yana kwance da tari. Zaurensa yamma yake kallo, ni kuma raina yana kan jirgin nan da fitowar rana. Na ce a bari sanyi ya sassauta.

Asabar, 20 ga Disamba

Hazon ya ɗan ɗaga. Ƙanwata ta nemo min izini a gidan wata tsohuwa mai banda, ɗanta ya shigar da mu. Rumfar zana ce, hayaƙi ya turnuƙe, tarwaɗa a nannaɗe jere a kan waya. Da hantsi ya ɗaga, rana ta riƙa kutsowa ta ramukan zanar, hayaƙin ya kama ta, sai ga sandunan haske a miƙe daga rufi har ƙasa. Haske ba a ganinsa a kan hanya sai ya sami abin da zai daka, yau hayaƙi ya tona masa asiri.

A ƙasa na lura da wani abu. Ramukan zana ba su da siffa ɗaya, wani tsaga ne, wani mai kusurwa, amma ɗigon hasken da ke kan daɓe kusan duk zagayayyu ne. Kowane ɗigo hoton rana ne ita kanta, ƙaramin rami ya zana shi. Wannan ne tushen kyamara. Al-Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa, ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma daga abubuwa yake tasowa ya shiga ido. Ina tsugune cikin hayaƙi ina kallon abin da ya bayyana shekara dubu da suka wuce.

Tsohuwar ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗan nan, hayaƙi kaka ɗauka ko ni?"

Na ce, "Ku nake ɗauka, Inna. Ku ɗan matso bakin rumfa."

Na bar sandunan hasken a bayanta, fuskarta kuma tana shan hasken tsakar gida. Idona yana ta hawaye, da ƙyar nake gane ko hoton ya yi kaifi. Ita ko a jikinta. Hannayenta na fi so, suna juya kifin ba ta ko kallonsa. Maƙwabtanta biyu suka shigo, su ma suka yarda. Sha shida. Har yanzu jakata warin banda take.

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Farin wata, ya cika taf. Akwai dattijon da ya ce shi aikinsa na dare ne, in zan ɗauke shi in zo lokacin da yake gyaran mamari. Na same shi bayan isha a bakin ruwa, ya hura wuta yana jin ɗumi, ɗansa yana haska masa ƙugiyoyi da tocila.

Haske uku ne a wuri guda, kowanne da launinsa. Ido yana yafe wannan, kyamara ba ta yafewa. Da ma'aunin kelbin ake auna launin haske: harshen wuta irin na kyandir wajen 1,900 ne, tsohon ƙwan lantarki 2,700, ranar tsaka 5,500, inuwar fili takan haura 7,000. Ƙaramin lamba ja ne, babba shuɗi. Tocilar ta mayar masa da goshi shuɗi kamar mara lafiya, wutar kuma ta mayar da haɓarsa ja. Na roƙi ɗan ya kashe tocilar. Na bar wuta ta ɗauki fuska, wata ya ɗauki ruwa da jirgi.

Hasken wata na rana ne ya dawo, amma ya gaza ta kusan sau 400,000. Na kafa ƙafa-uku, ISO 1600, sai da na bar idon a buɗe daƙiƙa huɗu kafin ruwan ya fito. Muka ja da shi baya daga wutar don kada ta ƙone masa fuska a hoton. Daƙiƙa huɗu ba motsi abu ne mai wuya, amma an ga wanda ya fi: hoton farko da ya wanzu, wanda wani mutum mai suna Niépce ya ɗauka ta tagarsa a Faransa wajen 1826, sa'o'i masu yawa ya sha yana tara haske.

Na ce, "Baba, ku riƙe numfashi in na ce yanzu."

Ya ce, "Yaro, zaman jira ai shi ne sana'ata."

Cikin goma sha biyu, biyu sun yi kaifi. Sha bakwai.

Asabar, 10 ga Janairu

Na kai goma sha biyu Birnin Kebbi a wanke min manya. Da na koma karɓa da la'asar, raina ya ɓaci. Yaron da ke kan kwamfutar ya "gyara" min su ba tare da ya tambaye ni ba. Ya ɗaga hasken fuskokin har dattawan suka koma wankan tarwaɗa, ya bi tsagen mutumin zaure ya shafe rabinsu da abin goge ƙuraje. Ya ce haka kowa yake so, in bai yi ba a ce aikinsa bai yi kyau ba.

Ban iya yi masa faɗa sosai ba, don na san gaskiya ya faɗa. Amare nawa suka ce in haska su a shagona na yi? Abin kuma ya daɗe. Shekaru da dama wuraren wanke hoto suna daidaita launin injinsu da katin kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, sai a shekarun 1990 aka fito da mai mata masu launin fata daban-daban. An saba auna kyawun hoto da fatar da ba tamu ba, har muka karɓa. Ni abin da nake bi tun Nuwamba shi ne fuska ta fito da launin da Allah ya yi ta, ana ganin komai nata. Wanda ya mayar da baƙin dattijo fari ya ɓatar da shi kamar yadda aka ɓatar da kakana, hanyar ce kawai ta bambanta.

Na zauna kusa da shi muka sake. Abu guda na koya daga gare shi: allon kwamfuta haske yake fitarwa, takarda kuwa sai ta jira na ɗaki, don haka abin da ya yi daidai a allo yakan fi duhu a takarda. Muka ɗaga tsakiyar launukan kaɗan, muka bar baƙin a inda yake. Na zaɓi takarda mara ƙyalli, don mai ƙyalli a ɗakin da ƙofa ɗaya ce, ƙofar kawai za a riƙa gani a kanta. Na biya kuɗin wanki sau biyu.

Alhamis, 15 ga Janairu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abokin kakana ya rasu jiya da dare, an yi jana'iza da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Sau uku na shiga gidansa da kyamara a jaka. Zaurensa yamma yake kallo, amma da safe inuwa ce, da na ɗauke shi a nan lafiya lau. Ina da zane, ina da bargo, na san duk abin da zan yi. Na ƙi, saboda na riga na zana hotonsa a raina, a cikin jirgi, rana tana fitowa. Shi kaɗai ne a jerin da ya san kakana tun suna yara, shi na fi so hotonsa ya fi na kowa, shi ne kuma na rasa.

Da daddare na buɗe taran nan na 9 ga Nuwamba. Allah ya taimake ni kyamarar tana ajiye ɗanyen hoto, wanda ba a matse ba, a cikin duhunsa akan sami saura. Na ɗaga inuwar mataki uku. Takwas babu komai sai tsaki-tsaki kamar yashi. A na bakwai ya ɗan sunkuyo yana duba homar, ranar da ta daki ruwa ta dawo daga ƙasa ta shiga ƙarƙashin malfar. Ruwan ya yi min aikin farin zane ban sani ba. Ga ido, ga tsage, ga furfurar gemu. Launin ya lalace da tsakin, sai na mayar da shi baƙi da fari.

Na sake jera sauran sunayen. Wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya shi ne a gaba, kuma duk lokacin da na same shi zan ɗauka a ranar. In an sami dama daga baya a sake.

Lahadi, 25 ga Janairu

Uku a wannan satin: ɗaya a kwance a ɗaki aka ɗage masa labulen ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin darbejiya da azahar da zane a cinyarsa, ɗaya a zaure. Da na marigayin, ashirin da ɗaya.

Jiya na kai nasa. Babbar 'yarsa ce ta karɓa, ta fito da shi bakin ƙofa inda ya fi haske. Na fara ba ta haƙuri cewa bai yi kyau yadda na so ba, ta ɗaga min hannu. Ta kira jikokin ta ce su zo su ga Baba. Ƙaramin cikinsu ya sa yatsa a kan kuncin hoton yana ƙirga tsagen.

Saura uku, biyu a wani ƙauye a tsallaken ruwa. Mai jirgi ya ce sai bayan azahar zai samu ya ƙetare da mu gobe. Na ce masa to. Ƙanena ya wanke zanen ya shanya, bargon ma na saya wurin uwar yaron nan, yana cikin jaka.